A-kori-kura mai dizal ko mai fetur, wacce zan saya?

Baban Walida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗina. Ina noman masara da waken suya a wajen Doguwa, iyali kuma suna cikin Kano. Kuɗin hayar mota ya ishe ni, daga kai taki da damina zuwa kwaso amfani da kaka, shi ne na ce bana in sayi a-kori-kura tawa ta kaina. Dillali ya nuna min Hilux biyu, duka masu ƙofa huɗu, duka ƙirar wajen 2012. Ɗaya mai fetur ce, injin 2.7, gwanjon wani kamfani. Ɗayar mai dizal, 2.5 D-4D, 'yar Beljiyam, kuma ta ɗara waccan kuɗi. Dillalin sai cewa yake mai dizal ba ta shan mai. Ƙanena kuma ya ce in na saye ta na sayo wa kaina hawan jini. Waɗanda suka riƙe irin motocin nan, don Allah ku fitar da ni duhu.

Direban Mambila: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ɗauki dizal ka huta. Ni daga Jalingo nake lodi in haura Gembu, kuma duk wanda ya san hawan da ke gaban Mayo Selbe ya san wurin da ake gane mota. Mai fetur in ta sha kaya sai ka dawo giya ɗaya, totur har ƙasa, inji na ihu, allurar zafi na hawa. Mai dizal a giya biyu take haurawa tana gurnani abinta. Ka taɓa ganin tirela mai fetur?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Direba, a kan hawa ba mai ja da kai. Amma wane inji ne a motarka?

Direban Mambila: 5L ne, Oga.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: To ka gani. Kai da Alhaji ba magana ɗaya kuke ba. 3L da 5L injina ne na da, famfonsu ba shi da tsirfa, in man ya ɗan yi datti sai su yi tari su wuce, kuma duk garin da ake gyaran Kanta za a samu mai taɓa su. Wannan D-4D da aka nuna wa Alhaji 2KD ne. Famfo yana matse man cikin bututu ɗaya da ƙarfin da ya wuce hankali, ƙwaƙwalwar mota ce ke buɗe kowace nozul ta rufe. Ramukan bakin nozul ɗin siraran gaske ne. Ruwa kaɗan ya bi ta ciki, ko man da aka sirka da kananzir, shi ke nan ka shiga uku, domin dizal ɗin da kansa shi ne maiƙon da ke sa famfon ya yi santsi, kananzir kuwa ba shi da wannan maiƙon. Kuma in ka sayi sababbin nozul ba ɗaurawa kawai ake ba, kowacce da lambarta, sai an jona kwamfuta an shigar. Alhaji, tambayata ɗaya: in ta tsaya maka cikin dajin Falgore da yamma, wa za ka kira?

Baban Walida: Oga, tambayar nan ta sa jikina ya yi sanyi. Bakaniken da na sani a can babur da injin ban-ruwa yake gyarawa.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Shi ɗin ma zai iya canza fulogi da koyil a 2.7. Injin 2TR ke nan, shi ne a yawancin Hilux ɗin gwamnati da na 'yan sanda da na kamfanoni a ƙasar nan, shi ne kuma a Hayis da yawa. Kayansa a nan Ƙofar Ruwa, sabo da na hannu, ba sai an aika kasuwar Ladipo ta Legas ba.

Malam Mai Lissafi: Ku bari mu sa alƙalami, don maganar "ba ta shan mai" ba lissafi ba ce. Mu ɗauka mai fetur tana cin lita 13 a kilomita 100, mai dizal lita 9. Abin da masu irin motocin ke faɗa bai yi nisa da haka ba. Farashi kullum canzawa yake, don haka misali zan ba da, kowa ya sa na gidan man unguwarsu. A ce fetur naira 900, dizal naira 1,100.

Fetur: 13 sau 900, naira 11,700.
Dizal: 9 sau 1,100, naira 9,900.

Rarar naira 1,800 ke nan a kilomita 100, wato naira 18 a kowace kilomita. Mai yin kilomita 15,000 a shekara ya tsira da naira 270,000. Mai yin 50,000 ya tsira da 900,000. Daga nan sai ka cire bambancin kuɗin saye, ka cire bambancin juye, don injin dizal ɗin ya fi cin baƙin mai, ka cire filtar mai da ake canza masa a kai a kai. Abin da ya rage shi ne ribarka.

Wata hanyar mai sauƙi: muddin kuɗin dizal bai kai kusan ɗaya da rabi na kuɗin fetur ba, mai dizal ce ke da araha a hanya. In ya wuce haka lissafi ya juye.

Direban Mambila: Malam ya gama magana. Dubu ɗari tara ba wasa ba ce.

Malam Mai Lissafi: Taka ce dubu ɗari taran, Direba, kai da kullum kana kan titi. Ban sani ba ko Alhaji zai yi sulusin tafiyarka. Kuma ka tuna 2022. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren dizal ya tashi daga wajen naira 300 ya doshi 800, fetur kuwa yana ƙasa da 200 saboda tallafi. Sa waɗannan a lissafin ka gani: mai dizal tana cin kusan ninki uku na kuɗin mai fetur. Mutane nawa suka jingine motocinsu a shekarar?

Matashin Kurna: Ai wancan zamanin ya wuce. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, fetur bai sake komawa gidan jiya ba. A ƙarshen 2024 sai da ya haura naira dubu. Su suna can suna yawo da jerin gwanon motoci, mu talakawa...

Shugaban Zaure: Matashi, a tsaya a kan mota. Zauren siyasa yana can daban, kuma ka san hanya.

Matashin Kurna: Afuwan ranka ya daɗe. Abin da nake nufi, tazarar da ke tsakanin man biyu ta ragu sosai. Matatar Ɗangote ma da ta fara sayar da dizal a 2024 ta sauko da kuɗinsa. To wanda yake tsoron dizal saboda 2022, da tsohon labari yake aiki.

Tsohon Direba: Yaro, ka yi gaskiya rabi. Ni na sha fetur naira 11, dizal naira 9, zamanin Abacha. Lokacin dizal ne mai araha. Daga baya gwamnati ta cire hannunta daga dizal ta bar tallafi a fetur, ya zama shi ne mai tsada shekara da shekaru. Yanzu kuma ga inda muke. Mota aba ce da za ka riƙe shekara goma, farashin mai kuwa sanarwa ɗaya ce a rediyo. Kada Alhaji ya ɗora kuɗinsa a kan farashin yau kaɗai. Mu da fijo 504 a-kori-kura ta Kaduna muka yi lodin gyaɗa da auduga, fetur take sha, kuma ba mu ga kasawarta ba. In ta mutu a hanya, sukundireba da sifana lamba goma sun isa.

Hajiyar Kaji: Sannunku da muhawara. Bari in faɗi nawa, don ni na ɗanɗana. Ina da gidan kaji a bayan garin Kaduna, aikin motar bai wuce ɗauko abinci daga kamfani da raba ƙwai a shaguna ba. Na sayi mai dizal 'yar Turai saboda irin wannan zaƙin bakin na dillalai. Ba a jima ba wata fitila ta kama a gaban direba, motar ta daina ja, ko an taka ba ta wuce gudun keke Napep. Aka ce wata tukunya ce a salansa ta toshe. Aka wanke, ta sake. Wani ya ce a cire ta gaba ɗaya, aka cire, sai hayaƙi da wata sabuwar fitilar. Ƙarshe na sayar da ita da asara na sayi mai fetur. Tana shan mai, ban musa ba, amma tun da na saye ta ban kwana da tunanin mota ba.

Ɗalibin Injiniya: Hajiya, abin da ya same ki yana da bayani, kuma ya shafi motar da aka nuna wa Baban Walida kai tsaye. Tukunyar sunanta DPF. Dokar hayaƙi ta Turai, matakin da suke kira Euro 5, ita ta sa ake saka ta a motocin dizal. Aikinta tare baƙin toka daga hayaƙi. In ta cika, motar da kanta take ƙara zafin salansa ta ƙone tokar, amma hakan na bukatar doguwar tafiya da gudu, ba tsaya-tafi na cikin gari ba. Rabon ƙwai shago-shago kuwa shi ne ainihin abin da ba ta so.

Na biyu, man. A Turai sinadarin salfa da ke cikin dizal ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. A Najeriya an daɗe ana halatta har 3,000 kafin ECOWAS ta tsayar da 50 a 2020. Abin ya gyaru a kan da, amma motar da aka ƙera don man Jamus ba ta yafe kuskure, kuma ba ka da tabbacin abin da ke cikin kowane tanki da ka tsaya.

Don kada in zalunci dizal: maganar Direban Mambila a kan ƙarfi gaskiya ce tsantsa. 2.5 ɗin da aka kai Turai a waɗannan shekarun tana ba da ƙarfin ja 343 Nm tun inji na juyi 1,600 a minti. Ita 2.7 mai fetur 241 take bayarwa, shi ma sai ta kai juyi 3,800. Shi ya sa ɗaya ke gurnani ɗaya ke ihu. Litar dizal kuma ta fi ta fetur ƙarfin wuta da kashi goma da wani abu cikin ɗari, ga shi injin yana matse iska fiye da na fetur, daga nan ƙarancin shan man ya fito.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Allah ya yi maka albarka ƙanena, ka faɗi abin da nake gani a gareji da turancinsa. In ƙara ɗaya: 2KD da bel yake, ana canza shi a kilomita 150,000, in ya tsinke a kan gudu sai bawul ya gamu da fistin. Motar da ta fito daga waje wa ya san yaushe aka canza? 2TR kuwa sarƙa ce.

Ɗan Damagaram: Ina wuninku mutanen Najeriya. Mu nan lissafinmu daban ne kaɗan. Gwamnati ke tsaida farashi, kuma a Yulin 2024 ta maida isansi, wato fetur, sefa 499, gazuwal, wato dizal, 618. In kun sa a lissafin Malam za ku ga gazuwal na da riba. Ga matatar SORAZ nan kusa da mu tun 2011. A Maris na 2025 da aka yi ƙarancin isansi, masu motocin isansi ne suka kwana a layi. Kuma wanda ke shiga daji, Tanut, Agadas har gaba, abin da yake dubawa shi ne kilomita nawa tanki ɗaya zai kai shi. Nan gazuwal ba ta da abokin gaba. Amma ku lura da irin motar da 'yan hamada suke so: Land Cruiser mai injin 1HZ, ba turbo, ba kwamfuta. Ko su ba su yarda da mai yawan wayoyi ba.

Direban Mambila: To ni duk kun taru a kaina. Ku faɗi laifin fetur ma mana. An manta Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai methanol ya kashe wa mutane motoci a Legas da Abuja? Gurɓataccen mai ba a dizal kaɗai yake ba. Kuma injin dizal in ka kula da shi ya fi daɗewa, wannan kowa ya sani.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ba a manta ba. Amma fetur mara kyau yakan ci maka famfon tanki ne da fulogi, ka wanke tanki ka ci gaba. Dizal mara kyau a D-4D nozul huɗu da babban famfo yake tafiya da su, kuma na asali kuɗinsu sai ya cinye rarar da Malam ya lissafa ta shekara biyu ko fi. Maganar daɗewa kuma, "in ka kula da shi" ɗin nan ita ce gaba ɗayan zancen. Kai kana zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan filta, kana da gidan man da ka yarda da shi. Alhaji yaron gona zai riƙa ba wa mukulli, shi kuma in mai ya yanke a ƙauye wurin 'yan bumburutu zai tsaya.

Matashin Kurna: Ba wanda ya yi maganar CNG, iskar gas ta mota. Mai fetur ana iya juya ta ta koma shan iskar gas, don tana da fulogi. Mai dizal ba a yi mata haka kai tsaye, sai dai a haɗa mata biyu, kuma aikin ya fi tsada. In bututun iskar gas na AKK, daga Ajaokuta ta Kaduna, ya iso Kano wannan ba ƙaramar dama ba ce.

Hajiyar Kaji: Ɗana, tun 2020 ake cewa bututun nan na tafe. Kuma tulun a ina za a ajiye shi? A bayan motar, wurin buhu. Ka sayi motar kaya ka ba tulu kujerar gaba.

Ɗalibin Injiniya: Kuma ƙarfi yana ɗan raguwa a kan iskar, ga shi 2.7 ɗin dama ba ta da rarar ƙarfi. Dama ce ta nan gaba, a bar ta a haka. Kada a saya don ita.

Tsohon Direba: Ni akwai abin da nake jira wani ya tambaya. Alhaji, buhu nawa kake samu da kaka?

Baban Walida: Baba, in Allah ya ba da damina mai kyau, masara kaɗai takan haura buhu ɗari biyu.

Tsohon Direba: To ɗana, Hilux mai ƙofa huɗu abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. Buhu takwas ke nan, in ka matsa goma. Na san ana loda ashirin, na kuma san yadda sifirin da bodi suke ƙarewa. Sawu nawa za ka yi kafin ka kai buhu ɗari biyu Dawanau? Ko wacce ka saya, ranar kwasar amfani babbar mota za ka ɗauka haya. Aikin wannan motar shi ne kai ka gona, kai taki da iri da magani da 'yan aiki, dawo da abincin gida, kai yara makaranta. Wannan ba aikin da sai dizal ba ne.

Malam Mai Lissafi: Baba ya warware. Alhaji, ka ƙiyasta mana tafiyarka a shekara.

Baban Walida: Da damina ina zuwa kusan duk mako, da rani kuwa sai jifa-jifa. Ba na jin zan wuce kilomita 15,000, in ta yi yawa 20,000.

Malam Mai Lissafi: To rararka a misalina tsakanin naira 270,000 ne da 360,000 a shekara, kafin a cire juye da filta da ƙarin kuɗin saye. Gyara ɗaya babba ya share ta.

Dillalin Mota: Ku yi haƙuri, tun ɗazu ake dukan dillalai ina karantawa. Ba ni ne na Alhaji ba, amma ga gaskiyar kasuwa: Hilux mai fetur a arewacin nan ba ta kwana. Ranar da ka ce za ka sayar, kafin la'asar an yi ciniki. Mai D-4D sai ka jira wanda ya san ta, shi kuma da bakanikensa zai zo ya yi ta rage kuɗi. Sai dai kada a ɗauka gwanjon kamfani lafiyayye ne don yana shan fetur. Mota ce da direbobi barkatai suka tuƙa, ba mai tausayinta. A duba kuloci, a duba giyar taya huɗu tana shiga tana fita, a shiga ƙarƙashi a ga ko an taɓa yi wa shasi walda. Takardar gwanjon kuma ta zama ta gaske. Ita 'yar wajen, a tabbatar da takardar kwastan, a kuma duba ko sitiyarin juyawa aka yi daga dama, don akwai masu shigowa haka a juya su a gareji.

Direban Mambila: Ni dai har gobe dizal. Amma in don zuwa gona ne da kai yara makaranta, na sallama. Alhaji, in ka ci karo da mai 5L mai lafiya kada ka wuce ta.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Wannan na yarda, sai dai ba ta gudu, kuma masu ita ba sa sayarwa. Alhaji, in za ka je ganin motocin, ka ce kada a tayar da su kafin ka iso. Ka taɓa inji da hannunka ka ji sanyi, sannan a yi kik. Mota mai ciwo da safe take tona kanta. Ka tsaya a baya ka ga hayaƙi: shuɗi baƙin mai take ci, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ko ruwa ne ko nozul. Ka buɗe murfin baƙin mai tana aiki, in tana huci kamar tukunya, ringi sun tafi. Ka leƙa lagireto, in ka ga maiƙo a ruwan ka yi sallama. A ƙarshe a jona kwamfuta, ko da fitila ba ta kama ba, don akwai masu cire ƙwan.

Baban Walida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsaya a kan mai fetur ɗin, in ta ci jarrabawa. Oga, in kana da sarari ranar Asabar da safe mu je tare, zan yi maka magana ta gefe. Hajiya, ke wace irin taya kika sa wa taki? Hanyar gonata laka ce da damina.

Hajiyar Kaji: Tawa ta kan kwalta ce Alhaji, ba za ta yi maka ba. Direban Mambila za ka tambaya.

Direban Mambila: Mai manyan haƙora za ka sa, amma ka sani tana ƙara shan mai, kuma tana kuka a kan titi. Turo min lambar da ke jikin tayar yanzu in gaya maka wadda za ta shiga.